Kwamfutar Kawu Ba Ta Bi Shi Ba

Bari in fara da gyara maganar da ta zagaye unguwarmu ta Mayo Gwoi a Jalingo: kwamfutar Kawu ba ta mutu ranar da ya mutu ba. Ba ta bi shi ba, ba ta yi zuciya ba, ba ta ma san ya rasu ba. Na faɗa a cikin gida an ce ba ni da kunya, na faɗa a ƙofar gida an ce ba ni da tausayi. Shi ya sa na zauna na rubuta, don takarda ba ta katse mutum.

Ga yadda abin ya faru. Washegarin jana'iza, Hamma, babban ɗan Kawu da ya taho daga Yola, ya buɗe shagon da ke jikin gidanmu yana neman hoton mahaifinsa mai kyau da zai tura wa dangi. Ya tada janareto, ya danna kwamfutar. Ta yi 'yar ƙarar da ta saba, sai ta tsaya a baƙin allo da ɗan rubutun Turanci a sama. Ya kashe ya kunna, haka. Maza na zaune kan tabarmi suna leƙe. Kafin azahar labari ya shigo ɗakin mata.

Mama mai doya, maƙwabciyarmu 'yar Mumuye, ta dafa ƙirji ta ce, "Ni na san haka zai faru. Kwamfuta ya san maigidansa. Kare ma yana yi, balle wannan da kullum suna tare."

Baba Fansho, wani dattijo Bajukune da suka yi aikin sakatariya tare da Kawu, ya cire hula ya ce, "Na sha gaya masa, kai da injin nan numfashi ɗaya kuke ja. To ga shi. Ubangiji ya ba shi hutawa."

Inna kuwa, matar Kawu, tana zaune a gefe. Da aka gaya mata, na ga fuskarta ta saki, karo na farko tun da muka dawo daga asibiti.

Sauran masu gaisuwa magana ɗaya suka yi ta juyawa: "Allah ya jiƙansa, mutum ne mai haƙuri." Amin ga addu'ar. Amma Kawu ba haƙuri gare shi ba, kafiya ce. Ni da na tashi a hannunsa na san bambancin.

Ni 'yar ƙanwarsa ce. Uwata ta rasu ina rarrafe, Kawu ya ɗauko ni ya miƙa wa Inna. Ban san fuskar uwata ba sai a hoto, amma na san muryarta. A zamaninsu in za a aika saƙo mai tsawo ga ɗan'uwa na nesa, kaset ake ɗauka a ba direba. Akwai wanda ta yi wa yayarta da ke aure a Gembu, ba a kai ga aikawa ba ciwo ya kwantar da ita. Kawu ya adana kaset ɗin, daga baya ya juye shi cikin kwamfuta. Kaset ɗin kansa ya tafi shekarar da ruwa ya shigo mana gida. Wanda na sa a wayata kuma ya tafi da wayar a cikin keke, hanyar kasuwa. Saura guda ɗaya tak a duniya, yana cikin injin nan da kowa ke yi wa ta'aziyya.

Kawu ya yi aikin buga takardu a sakatariya har ya yi ritaya. Da aka yi gwanjon tsofaffin injuna ya sayi ɗaya, ya fasa bangon zaure ya yi shago. Yana buga takardun neman aiki, katin biki, wasiƙar coci, sanarwar masallaci. Ba wanda ya koya masa gyara. Buɗe injin ya yi ta yi yana ɓatawa yana gyarawa, har murfin gefen ya gaji ya ɓace. Da na gama sakandare na ce ba zan zauna jiran sakamako ina tsinkar zogale ba, sai ya jawo min kujera kusa da shi.

In yana jin daɗina, "Uwata" yake ce min, don sunan mahaifiyarsa aka sa min. In na ɓata masa rai kuwa na koma "ke yarinyar nan." Yawanci kafin hantsi na riga na zama yarinyar nan.

Injin yana da faifan ajiya biyu, abin da masu gyara ke kira had-dis. Ƙaramin, da shi injin ya zo. Babban Kawu ne ya ƙara, a kansa ya ɗora tsarin da muke aiki da shi, a cikinsa kuma komai yake. In ka kunna kwamfuta, abin da ke fara farkawa shi ne bayos, ɗan shirin da ke manne a jikin injin tun daga kamfani. Bayos ba ruwansa da wane faifai ne ke ɗauke da me. Wanda ya gani a saman jerinsa ya ba shi lamba 80, na ƙarƙashinsa 81. Daga nan ya miƙa aiki ga butloda, shirin da ke zuwa ya ɗauko sauran tsarin ya tada shi. Shi kuma butloda hd0 da hd1 yake kiransu, amma jerin bayos yake bi: wanda aka ba 80 shi ne hd0.

Ranar da Kawu ya fara min wannan bayani sai da ya gyara zama kamar zai yi huɗuba.

"Uwata, butloda masinja ne. A sakatariya in aka ce wa masinja kai fayil ɗaki na ɗaya, ɗaki na ɗaya zai kai. In da daddare an sauya wa ƙofofi lamba, shi bai sani ba, ba kuma zai tambaya ba. Zai ƙwanƙwasa inda ya ga lambar, in bai tarar da ogan da yake nema ba ya tsaya nan har a tashi aiki."

Na ce, "Kawu, ka ce layin jarka a bohol kawai. Wadda aka fara ajiyewa ita ce ta ɗaya, ko ta wa ce."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ni na yi shekaru kafin in gane abin nan, ke kin zo kin mayar min da shi jarka."

"To ba haka ba ne?"

"Haka ne. Shi ne abin haushin."

Na ce kuma wane irin mahaluki ne ke fara ƙirga daga sifili? Ya ce wanda bai taɓa raba nama ba. Ya ƙara da cewa tamanin ɗin ma ba irin tamu ba ce, lissafinsu daban ne, kada in je kasuwa da ita. Sannan ya nuna min wani ɗan fayil da ya gyara da hannunsa lokacin da ya ɗora tsarin. Shi tsarin in ya gama tashi da haruffa yake kiran faifan, kuma ba ya iya komawa ya tambayi bayos wa ya ba 80, sai dai ya yi cinta. Tsarin ya cinta ba daidai ba, Kawu ya rubuta masa: hd0 shi ne babban, hd1 shi ne ƙaramin. Daga nan ya samo karin maganarsa da ya ishi kowa da ita: "Lamba ba suna ba ce." Ko a ɗaurin aure aka zaunar da wani a gaba, sai ya raɗa wa na kusa da shi, "Wanda ke gaba ba shi ne babba ba, shi ne dai ya riga zuwa."

To ga inda kafiyar take. A jikin injin akwai wani ɗan batir fale-fale kamar murfin kwalba, shi ke sa bayos ya tuna jerinsa in an ɗauke wuta. Na Kawu ya mutu tun ban shiga sakandare ba. A Jalingo kuwa kowa ya san wuta baƙuwa ce. Duk dare injin sai ya manta komai, ya mayar da ƙaramin faifai sama. Kawu ya sa guntun farko na butloda a goshin faifan biyu, saboda haka masinja zai tashi, ya nufi hd0, ya tarar da ƙaramin da ba komai a cikinsa, ya tsaya. Baƙin allon da Hamma ya gani ke nan, ba wani abu ba.

Kowace safiya, bayan ya dawo masallaci ya sha kunun gyaɗa, Kawu zai share shago, ya yi bisimilla, ya kunna, ya hau danna maɓalli ɗaya da sauri har shuɗin allo ya fito. Ya duba agogon hannunsa ya gyara lokaci. Ya duba kalandar bango ya gyara kwanan wata. Ya ɗaga babban faifai sama. Sannan ya ce, "To, mun tashi lafiya." Da idonsa ya fara rauni ni nake dannawa, yana tsaye a kaina yana cewa a hankali, kamar zan fasa ƙwai.

A kan wannan batir muka yi faɗanmu mafi girma. Na gaji, na shiga Kasuwar Jalingo na sayo sabo, na ajiye masa a kan tebur. Na ce, "Kawu, a sa wannan a huta." Ya juya shi a tafin hannu, ya ce useko, wato godiya da Fulatanci, ya sa a aljihu. Da yamma Baba Fansho ya zo hira yana ƙorafin na'urar gwada sugansa ta daina kawowa. Ina kallo Kawu ya zaro batir ɗina ya sa masa a ciki. Ta kawo. Baba Fansho har da tafi.

Na ce, "Kawu, wannan wulaƙanci ne."

Ya ce, "Ke yarinyar nan, injina bai yi ƙara ba, jinin mutumin nan ya yi."

"Gobe in sayo wani?"

"Ki sayo. Akwai masu suga da yawa a unguwar nan."

Na yi fushi na daina shiga shago. Na koma taya wata ƙawata zama a rumfarta a unguwar Sarkin Dawaki. Muna gida ɗaya da Kawu, gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a taƙaice. Sai wata rana da hantsi na ɗaga kai na gan shi tsaye bakin rumfar da lemarsa. Bai ce in yi haƙuri ba, Kawu bai san hanyar wannan kalma ba. Cewa ya yi, "An kawo katin biki mai yawa, yatsuna sun yi tsami." Muka tari keke. A hanya, yana kallon waje, ya ce, "Uwata, tun da na bar aiki ba wanda ke jiran in iso da safe sai injin nan. In ya iya tunawa da kansa, me zan tashi in yi?" Ban sake sayo batir ba.

Wani abin kuma da masu cewa mai haƙuri ne ba su faɗa ba: Kawu bai iya ganin kaset yana ruɓewa ba. Mama mai doya ta taɓa kawo masa jaka guda na waƙoƙin zumuntar matan cocinsu, na tun tana amarya, wasu sun yi fumfuna. Ya zauna da auduga da ɗan tsinke yana gogewa, ya naɗe wanda ya tsinke da biro, ya juye su ɗaya bayan ɗaya da abin ji a kunne. Har ta kai yana tafiya masallaci yana rera waƙar a hanci bai sani ba. Liman ya ce masa, "Malam, wannan ƙasidar ta ina ce?" Kawu ya ce, "Ta maƙwabta ce." Mama ta kawo masa doya ya ƙi karɓa, ta zagaya ta ba Inna, ya ci sakwarar ya yaba, bai tambayi daga ina ba.

Ranar da na ji labarin injin ya mutu, na fita na sami Hamma a zaure. Na ce, "Hamma, ba ni makulli, yanzu zan tada ta."

Ya ce, "Ba yanzu ba. Kayan gado ne, malam ya ce kada a taɓa komai sai an raba. Akwai ƙannenki ƙanana a ciki. In kika taɓa ta ƙara lalacewa, wa zai ɗauki alhakin marayu?"

Ba mugunta ba ce, gaskiyarsa ce. Ni 'yar ƙanwa ce, ba ni da ko allura a gadon Kawu. Na haɗiye. Amma ana gobe sadakar bakwai na ji yana waya da wani mai sayen tsofaffin injuna, irin masu farke su su cire abin da zai yi amfani su auna sauran a sikeli. Hutun Hamma ya ƙare, yana so a tattara kayan shago a yi musu kuɗi gaba ɗaya, rabo ya yi sauƙi. Matacciyar kwamfuta kuwa ai ƙarfe ce.

Na shiga ɗakin Inna. Tana zaune kan tabarmar takaba da carbi. Na ce, "Inna, injin nan lafiyarsa ƙalau. Jeri ne kawai ya juye."

Ta ɗago ta dube ni. Sannan ta ce, "Na sani ko ban sani ba, ki bar min shi haka. Mutum ya tafi shi kaɗai, ba riga ba hula. Da aka ce wani abu nasa ya bi shi, sai na ji sanyi. Ke komai sai kin tone?"

Da wani ne ya faɗa min haka da na ba shi amsa. Na tsaya ina kallon ƙafata. Amma jibi mai sikeli zai zo. Na ce, "Inna, muryar uwata na ciki. Babu ita a ko'ina kuma."

Carbin ya tsaya a hannunta. Ita ta yi jinyar uwata, ita ta yi mata wanka. Ta ce, "Kira min yayanki."

Da ya zo ta ce, "Ka buɗe mata gobe da safe, a gaban shaidu. In ta ɓata, a cire a kasona."

Bayan an shafa fatihar bakwai mutane sun ragu, Hamma ya buɗe shago. Baba Fansho ya zauna a kujerar baƙi a matsayin shaida. Mama mai doya ba wanda ya gayyace ta, ta zo da kujerarta. Inna ta tsaya a ƙofar da ke tsakanin shago da tsakar gida, ta ja mayafi. Hular Kawu na rataye a ƙusa, tabaransa na kan tebur.

Na yi bisimilla na kunna, na hau danna maɓallin. Shuɗin allo ya fito. Kwanan watan ya koma wata shekara da ko haihuwata ba a yi ba. Na gyara. Na shiga jerin, ga ƙaramin faifai a sama ya yi ɗare-ɗare. Na ɗaga babban, na adana, injin ya sake tashi. Baƙin allo ya zo, ya wuce. Hoton da ke fuskar injin ya bayyana, gonar masarar Kawu ta bakin rafi.

Mama ta yi guɗa ta toshe baki da kanta, ta tuna gidan makoki ne. Baba Fansho ya ce, "Kai! Ya tashi!" Inna daga bakin ƙofa ta ce a hankali, "Ashe jira take a gaishe ta." Bakina ya buɗe zai ce batir ne. Na rufe shi.

Na nemo fayil ɗin na kunna. Aka ji shuuu irin ta tsohon kaset, sai muryar namiji, matashiya, mai kaifi: "Ya fara juyawa. Ki yi magana mana, kina cinye batir." Sai dariyar uwata. Sai ta fara, "Adda, ina gaisuwa, ya sanyin Gembu," ana jin jaririya na tsala kuka a bayanta, tana cewa, "Kin ji ta ko? Ba ta iya jira ba, ko nono sai ta yi faɗa da shi."

Ni na saba kuka a wannan wurin. Amma wannan karon Hamma ne ya riƙe gefen tebur, ya gane muryar mahaifinsa. Ya ce, "Mayar baya. Farkon." Na mayar. "Ya fara juyawa. Ki yi magana mana." Ya ce in sake. Na sake.

Ya ce, "Nemo wani inda yake magana sosai."

Muka shiga nema. Ga waƙoƙin su Mama, ga wa'azin wani malami da ya rasu tuntuni, ga kiɗan bikin mutanen da ban sani ba, ga wata tsohuwa tana jero sunayen kakanninta da Fulatanci. Rabin unguwa na cikin faifan nan. Kawu babu. Mutumin da ya yi shekaru yana tsamo muryoyin mutane daga fumfuna bai taɓa zama gaban na'ura ya ce uffan ba. Abin da ya bar mana na muryarsa shi ne wannan faɗan da ya yi wa ƙanwarsa.

Hamma ya fita waje ya kira mai sikeli ya ce an fasa. Ya dawo ya ce a lissafa injin a kasonsa, ya zauna a inda yake. Na juye muryar a wayarsa, da ta Inna, da tawa, da ta Baba Fansho ma don ya ce shi shaida ne, a ba shi.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa, ya yafe masa kafiyarsa kamar yadda muka yafe, ya saka masa da abin da ya yi wa mutanen da ba su da abin ba shi sai doya.

Da la'asar na ɗauki wayata na shiga ɗakin Inna, na jingina ta da kwanon sha a gabanta. Ta ce wannan fa? Na ce daga gobe in an karya zan riƙa zuwa in kunna ɗaukar murya, ta yi magana. In na gama da ita in je wa Baba Fansho, in je wa Mama, in bi duk wanda ya zauna da Kawu tun ƙafarsa na ɗaukarsa.

Ta ce, "Ni me zan ce?"

Na ce, "Ki fara daga ranar da aka kawo ki gidan nan."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Labarin da tsawo. Ke kuwa ɗuwawunki bai san tabarma ba."

Na cire takalmi, na naɗe ƙafa a gabanta. Na ce, "Ba sai gobe ba ma, Inna. Na kunna."